Barewa Ta Cinye Mini Rama, Na Sayi Bindiga Uku

Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan takardar nan ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a filin jirgi ne ko ka riga ka sauka a Idaho. Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a sabon wurin aikin, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutum da na sanyin da aka ce ya fi namu na Manassas. Na cusa ta cikin jakar yaji da kuka, don na san nan hannunka zai fara shiga. Da Hausa kuma na rubuta da gangan. In da Turanci ne, ido ɗaya za ka yi mata ka ajiye. Wannan kuwa dole ka zauna ka bi ta a hankali.

Ranar da muke cin tuwo ka ce sababbin abokan aikinka duk mafarauta ne, sun ce ka nemi bindiga mai sakata kafin lokacin farautar barewa, irin wadda ake ɗaga sakatar a ja baya kwanso ya fita, a tura gaba sabon harsashi ya shiga. Ka tambaye ni ta wane kamfani ce ta fi saiti da ƙarko. Na buɗe baki zan amsa, Babanku ya yi tari, na fasa. To ga amsar. Uku na saya a rayuwata, kowace kuma da irin wautar da na yi a kanta. Rabin labarin kawai ka sani, don kana firamare lokacin, kuma ba komai uwa ke faɗa wa yaro ba.

Barewa ce ta jawo komai. Na yi lambu a bayan gida, rama da yakuwa da kuɓewa da alayyahu, irin da ƙanwata ta sha wuya kafin ta samo mini. Ramar ta kai ƙugu, har na gayyaci mata cin kwaɗo. Wata safiya na leƙa taga, sai ga wata barewa tsaye a tsakiyar lambun tana tauna, tana kallona kamar ni ce baƙuwa a gidan. Na buga tukunya, ta ɗago kai ta ci gaba. Na sa raga, ta tsallake. Na rataya sabulu mai ƙamshi don an ce ba sa so, ta dawo da 'ya'yanta biyu. Da na kai ƙara wurin Karol, abokiyar aikina a kantin magani, wadda danginta ke da gona can wajen duwatsu yamma da mu, sai ta ce, "Mu dai a gidanmu cinye su muke yi." Wannan maganar ta kwana a raina.

Na shiga kantin bindigogi kamar mai zaɓen leshi. Idona ya faɗa kan wata ƙirar Jamus, ƙotarta katako mai ruwan zuma, an yi wa ƙarfen zanen ganye. Na ja sakatar, ta zame kamar an shafa mata man shanu. Mai kantin ya tambaye ni me zan harba. Na ce barewa, amma babba ce ƙwarai. Ya ce wannan da na ɗauka harsashinta na manyan namun daji ne, irin su beyar, ya kawo mini wata ƙarama ya ce ita ta fi dacewa da kafaɗata. Ni kuwa na ɗauka ya raina ni ne don ya ga mace da hijabi. Na ce babbar nake so, ya naɗe mini.

Sai bayan na saya na shiga ajin koyar da dokokin farauta. A zaman farko malamin ya ce harbi a cikin unguwa irin tamu laifi ne da zai kai mutum gidan yari. Na ɗaga hannu na ce, ko da a bayan gidana ne, ko da ramata take ci? Ajin ya fashe da dariya. Ashe barewar da na sayi bindiga dominta ta fi ni kariya a wurin hukuma. Sai dai in yi tafiya mai nisa in rama a kan danginta da ba su san ɗanɗanon rama ba. Don haka, Auta, ka fara shiga aji kafin ka shiga kanti. Dokar Idaho ba ta Virginia ba ce, ka karanta tasu da kanka, kada ka dogara da abin da abokin aiki ya ce ya ji.

Karol ta kai ni filin koyon harbi. Ta ce in manna ƙotar a kafaɗa sosai, in nisanta idona daga madubin hange. Na ce na ji. Da na leƙa na ga takardar saiti ta matso kusa, daɗi ya kama ni, na ƙara matsawa don in gani da kyau, na ja kunamar. Ban san me ya faru ba, na dai ga taurari da rana tsaka. Bindigar ta yi shuri irin na jaki, bakin madubin ya sare ni a gira, jini ya wanke mini hijabi. Karol tana danne mini gira da auduga tana cewa, "Ai kin samu takardar!" Na samu, amma ta mutumin da ke gefena.

Washegari idon ya kumbura ya yi baƙi, ga kuma bikin suna a garin Laurel wanda ba halin in ƙi zuwa. Na roƙi Babanku kada ya gaya wa kowa batun bindiga, don kunya nake ji a ce Hajiya guda, mai 'ya'ya, ta zama maharbiya. Duk wadda ta tambaye ni a wurin sunan sai in ce ƙofa ce ta buge ni. Su ce, "Ayya, ƙofa. Allah Ya kiyaye gaba." Sai su kalli juna.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka buga mana ƙararrawa. Alhaji Mamman ne, dattijon da duk Hausawan yankin nan ke kai wa matsala, da matarsa Hajiya Turai. Sun keto cunkoson hanya tun daga Laurel ba tare da sun yi waya ba. Hajiya Turai ta ja ni kicin ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yata, ki daina rufa masa asiri. Ni ma uwa ce." A falo kuwa ina jin Alhaji yana cewa, "Injiniya, mu baƙi ne a ƙasar nan. Abin da ka yi ko a gida ba kyau, balle a nan da ake ɗaure mutum a kansa."

Babanku, mutumin da ke kama gizo-gizo da kofi ya kai shi waje, ya ce, "Wallahi Alhaji ban taɓa..."

"Kada ka rantse. Rantsuwa na ƙara nauyin abin."

Babanku ya riga ya yi mini alkawarin ba zai ambaci bindigar ba, ya kuma riƙe shi, yana zaune yana zufa. Na ga in ban yi wani abu ba za a ɗaura masa sunan da ba zai goge ba har abada. Na hau sama, na buɗe akwatin ƙarfe, na zare sakatar na bar ta a can, na sauko da bindigar cikin jakarta, na shimfiɗa a tsakar falo na zuge. Ban kai ga yin bayani ba, Alhaji ya miƙe tsaye, shayi ya zube masa a babbar riga. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri! Abin bai kai nan ba! Ai sulhu muka zo yi!"

Sai da na ɗora madubin a kan girata, suka ga zagayen ya yi daidai da ciwon, sannan hankalinsu ya kwanta. Alhaji ya ba Babanku haƙuri har bakin mota. Hajiya Turai kuwa har yau in ta gan ni sai ta ce, "Ina ƙofa?"

To ka ji. Kada ka sayi harsashin da ya fi ƙarfin kafaɗarka don a ce kai namiji ne. In mai kanti ya ba ka shawara, ka saurara kafin ka yanke cewa raini ne. Kuma in ka ji ciwo ta hanyar wauta, ka faɗi gaskiya da wuri, kafin a aiko wa wani bawan Allah da dattawa.

Ba zan zalunci ta Jamus ba. Aikinta ba ƙarya. Ko'ina ka taɓa ya zauna daram, ba abin da ke motsi, kunamarta ba ta da ja-in-ja. Yayan Karol, wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya gwada ta, harsasansa duk suka taru wuri guda da za ka rufe da murfin kwalba. A hannuna kuwa ba ta da amfani, don tun daga ranar nan tsoronta ya shige ni, kafin in ja kunama na riga na runtse ido na noƙe kafaɗa. Ga nauyi, kamar kana goyon yaron da ya isa tafiya. Ga tattali. Ranar da ruwa ya tsuge mana a dawa, na cire rigar ruwana na lulluɓe ta don kada katakon ya sha ruwa ya kumbura, ni na jiƙe sharkaf, na yi mako ina mura. Bindigar da kake jin tsoro, ko kake jin tausayi, ba ta farauta ba ce. Na sayar wa yayan Karol, muka rabu lafiya.

Ta biyu cikin fushi na saye ta. Na ce a ba ni mafi arha a kantin, mai ƙaramin harsashi. Ƙirar Amurka ce, ƙotar roba baƙa, mummuna kamar bokitin wanka. In ka matsa gaban ƙotar sai ya lanƙwasa. Sakatar tana ƙara kamar ƙofar shagon da ya shekara a rufe, gidan harsashin yana kwaramniya in kana tafiya. Madubin ni na ɗaura shi da kaina a teburin cin abinci, ina kallon bidiyo a waya, ina kuma duba miya a wuta.

Lokacin farauta guda na yi ina zaginta. Yau ta kai harsashi sama, gobe hagu, jibi ban ma san inda ya tafi ba. Na ce wa Karol abin arha ba ya gaskiya. Na ce wa Babanku kamfanin nan macuta ne. Har na fara shirya wasiƙar da zan aika musu, a cikin kaina, da Turanci mai zafi. Wata rana na zo ciro ta daga but ɗin mota, na kama ta ta madubin, abin da bai kamata ba, sai na ji ya juya a hannuna kamar murfin fulas. Notunan da suka riƙe shi duk a kwance suke, rabin ɗauri na yi musu ranar nan da miya ta kusa ƙonewa. Na tsaya a gareji na duba hagu na duba dama ko akwai mai kallona.

Da aka ɗaure su yadda ya kamata, na koma fili. Auta, mummunar nan ta tara harsasai wuri guda kamar yadda ta Jamus ta yi a hannun ƙaton nan. Na gwada mata harsashin kamfanoni daban-daban, na ga akwai wanda take so, akwai wanda take watsarwa, kamar kai da kuɓewa. Ashe kyan ƙira daban, saiti daban. Masu arhar nan sun zuba ƙoƙarinsu a bututu, suka yi rowa a sauran. In bindiga ta yi maka ƙarya, ka fara duba notunanka, sannan harsashinka, sannan kanka, kafin ka zagi mutanen da ba ka sani ba.

Amma rowar tana da ranarta. Na dawo da ita a jiƙe wata rana, gajiya ta sa na bar ta cikin jaka ban goge ba. Da na buɗe bayan kwana biyu, tsatsa ta yi mata ja kamar an barbaɗa barkono. Ƙarfenta ba ya yafiya. Kuma da sanyi ya tsananta, yatsuna sun ƙage, sakatar ta cije mini a daidai lokacin da nake bukatar harbi na biyu, na tsaya ina kokawa da ita, barewa ta kalle ni ta wuce abinta a natse. In aljihunka bai kai ba, ka sayi irinta ba kunya, za ta ciyar da kai. Sai dai ka goge ta ka shafa mata mai tun kafin ka cire takalminka.

Ta uku ita ce wadda ka sani, ƙirar Finland, farin ƙarfe da ba ya saurin tsatsa. A wannan karon sai da na gwada ta mutane kafin in saya. Na harba ta Karol, ƙirar Japan, mai kyau ce kuma tana da saiti, amma ƙotar ta yi mini tsawo, sai na miƙe wuya kamar zakara kafin in ga cikin madubi. Ta Finland kuwa ina ɗora ta a kafaɗa idona ya faɗa daidai. Ba ta da ado, ba ta da nauyi, sakatar na tafiya da yatsa biyu ko da safar hannu, kunamar tana tsinkewa tsaf ba tare da ta ja ka ba. Ba ta kai ta Jamus tsada ba, ta fi ta Amurka. In ka tambaye ni wace ce ta haɗa saiti da ƙarko ba tare da ta cinye albashin mutum ba, ita zan nuna maka. Amma ka ɗora a kafaɗarka tukuna. Kafaɗata ba taka ba ce.

A kanta na yi kuskuren da ba na dariya ba ne. Ta saba mini da dacewa har na fara jin kaina. Wata safiya a gonar su Karol, rana ta ɗan ɗaga, wani namijin barewa ya fito can ƙarshen fili, nesa fiye da inda na taɓa gwadawa a takarda, ga iska tana kaɗawa. Zuciyata ta ce bari, girman kai ya ce ai bindigar za ta iya. Na yi bisimilla na harba. Ya yi tsalle ya shige daji yana jan ƙafa.

Muka bi jini ni da Karol, cikin ƙaya da ganye, muna sunkuye, har rana ta take. A bakin wani rafi muka same shi kwance, yana numfashi da ƙyar, ya ɗago kai ya kalle mu bai iya tashi ba. Na ƙarasa shi, na yanka da sunan Allah, sannan na zauna a kan dutse na yi kuka kamar yarinya. Allah Ya halatta mini namansa, bai halatta mini in wahalar da shi rabin yini ba. Bindigar ta kai harsashi inda na nuna mata. Ni ce ban san inda zan nuna ba a wannan nisan.

Saboda haka duk wannan magana ta saiti da nake yi maka, ba don ka burge abokan aiki ba ne. Don dabbar ta faɗi nan take ne. Ka san iyakar nisan da hannunka ke iyawa, ba wanda aka rubuta a kwali ba, kuma kada ka wuce shi ko da za su yi maka dariya. Na sha dawowa gida hannu rabbana tun daga ranar, ban taɓa yin nadama ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wata rana ina dawowa daga dawa ɗan sanda ya tsayar da ni, fitilar baya ce ta mutu. Ina sanye da rigar mafarauta mai ruwan lemo, da hijabin da na ɗinka mai irin launin don kada wani ya ɗauke ni barewa. Na ɗora hannu biyu a kan sitiyari, tun kafin ya gama gaisuwa na ce masa akwai bindigar farauta a but, ba harsashi a cikinta, tana cikin jaka a kulle, ga lasisin farautata in yana so. Ya dube ni, ya dubi hijabin, ya ce wace iri ce. Na faɗa masa. Ya ce shi ta Amurka yake riƙewa, ta kakansa, kuma ba wata ta Turai da za ta kama ƙafarta. Na ce ranka ya daɗe, na riƙe ta Amurka, tsatsa ta kusa cinye ta. Muka tsaya a bakin titi muna musu har ya manta da fitilar, sai da na tuna masa.

Na yi dariya a hanya, amma da na iso gida na gan ka kana cin abinci, dariyar ta tsaya. Ni tsohuwa ce mai tabarau, abin da ya gani ke nan. Kai saurayi ne baƙar fata, dogo, mai suna irin namu, a garin da ba su saba ganin irinka ba. Ba lallai a tsaya musun bindiga da kai ba. Hannunka a kan sitiyari, muryarka ƙasa, ka faɗi abin da ke cikin motar kafin a tambaye ka, kada ka miƙa hannu ko'ina sai an ce ka miƙa. A gida ka kulle ta, harsashi a wani wurin daban. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka yi niyyar harbi ba, ko da ka rantse ba komai a ciki. Kada ka fita dawa da wanda ya sha wani abu. Kuma duk ranar da za ka fita, ka gaya mini inda za ka, in ka dawo ka kira ni, ko da ba ka samo komai ba. Ba zan yi maka dariya ba. To, zan yi kaɗan.

Allah Ya tsare mini kai a gida da dawa. Ya tsare hannunka daga cutar da wani, Ya tsare ka daga hannun wani. Ya ba ka abokan tafiya masu hankali, Ya sa albarka a aikinka da abincinka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla. Yayyenka suna gaishe ka.

Babanku ma yana gaishe ka. Ya leƙo yanzu ya tambayi abin da nake rubutawa tun ɗazu, na gaya masa. Sai ya ce in ƙara maka layi ɗaya daga wurinsa: ya bincika, akwai kantin naman halal a garin da za ka, kuma suna buɗewa har ranar Lahadi.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Mama